Siffa Mai Maimaita Kanta: Daga Lissafin Mandelbrot zuwa Kwarin Maraɗi

Abin da muke nufi a nan da firaktal shi ne siffar da, in an yanki ɗan ɓangarenta aka faɗaɗa, sai ya yi kama da ita baki ɗaya. Reshen gawo ya ishe mu misali, haka kuma yadda ƙoramu ke haɗuwa su faɗa Gulbin Maraɗi.

Kalmar ba ta daɗe ba. Benoît Mandelbrot ya ƙirƙiro ta a 1975, cikin littafinsa Les Objets fractals, amma siffofin sun girme ta. A 1904 Helge von Koch ya zana layin da ake raba kowane guntunsa uku, a ɗebe na tsakiya a maye gurbinsa da tsini mai gefe biyu. Kowane zagaye tsawon na ƙaruwa da kashi ɗaya bisa uku, har abada, alhali zanen bai fita daga takarda ba. Masana lissafi na lokacin sun ɗauki irin waɗannan siffofi tamkar dodanni.

A waccan shekara ta 1975 ne kuma Guy Nicolas ya fitar da babban littafinsa a kan Hausawan kwarin Maraɗi. Tun a maƙalarsa ta 1966 ya nuna cewa tsari guda, wato fili mai kusurwa huɗu da ke fuskantar gabas, yamma, kudu da arewa, shi ke komowa a gona, a gida, a kasuwa, har a birni da ƙofofinsa. (Sunan Sarkin Yamma kansa, a yankin Madarunfa, shiyya ce a cikinsa.) Nicolas bai kira wannan firaktal ba. Ron Eglash ne, a African Fractals na 1999, ya haɗa lissafin da gine-ginen Afirka, musamman fadar Logone-Birni a Kamaru, inda murabba'i ke cikin murabba'i.

A ganinmu sai an yi hattara. Maimaici hawa uku ko huɗu bai kai layin Koch ba, kuma ba mu ce manomin da ya shata gonarsa lissafi marar iyaka yake yi ba. Abin da muke cewa shi ne akwai ƙa'ida, ko da wanda ya zo daga waje bai gan ta ba. Bayan ambaliyar 1945, da ta rushe tsohon garin Maraɗi, Faransawa sun mayar da shi kan tudu, suka yanka shi da miƙaƙƙun tituna daidai wa daida. Kusurwa huɗu ta tsira, amma shigar ƙarami cikin babba ta raunana. Yau ma da wannan ma'auni ake yanka filaye a gefen gari, ana ci gonakin ƙauyuka. Kafin a shafe sauran, ya kamata a auna tsofaffin gidajen gandu na Sarkin Yamma, a kwatanta su da hotunan jirgin sama na shekarun 1950.