Dokar Kilomita 20 da Muhawara Kan Iyakar Ikon Gwamnati

Dokar kilomita 20 umarni ne da Hukumar Kwastam, ƙarƙashin Kanar Hameed Ali mai ritaya, ta bayar a watan Nuwamban 2019, bayan rufe iyakokin Najeriya na tudu. Umarnin ya haramta kai fetur gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, ciki har da na Lolo da Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, daf da Jamhuriyar Benin.

Gwamnati ta ce manufarta ita ce daƙile fasa-ƙwaurin man da take biya wa tallafi. Masu ra'ayin taƙaita ikon gwamnati kuwa na kallon matakin a matsayin wuce gona da iri, domin an hukunta manomi da ɗan kabu-kabu saboda laifin 'yan sumoga. Cire tallafin a Mayun 2023 ya raunana hujjar gwamnati.