Tarihin Kwak: Yadda Aka San Abin Da Ke Cikin Furoton

A shekarar 1932, da James Chadwick ya gano niyutiron a Ingila, masana kimiyyar fiziks da dama sun ɗauka lissafi ya kusa cika. Kowane abu da ƙwayoyin zarra aka gina shi, kowace zarra tana da cibiya wadda furoton da niyutiron suka haɗu suka yi, ilektron kuma yana kewaya ta. Ana ganin ƙwayoyin nan uku su ne ƙarshen ƙanƙanta, babu abin da ke cikinsu.

Ba a je ko'ina ba wannan zato ya fara tangal-tangal. A 1933 Otto Stern da abokan aikinsa a birnin Hamburg na Jamus suka auna ƙarfin maganaɗisun furoton, suka iske ya ninka abin da ake tsammani wajen sau biyu da rabi. Awon yau ya tsaya a kan 2.79. Niyutiron ma, duk da ba shi da cajin lantarki, sai aka tarar yana da nasa maganaɗisun. Ruwa ba ya tsami banza: abin da ba shi da caji ba zai yi maganaɗisu ba sai in akwai masu caji da ke motsi a cikinsa. A tsakiyar shekarun 1950 Robert Hofstadter ya harbi furoton da ilektron a Jami'ar Stanford, ya nuna cewa yana da faɗi, ba ɗigo ba ne.

A lokacin kuwa wata matsalar ta riga ta kunno kai. Tun 1947 aka fara cin karo da sababbin ƙwayoyi a cikin hasken da ke zubowa daga sararin samaniya, irin su fayon da kayon. Da aka gina manyan injinan harba ƙwayoyi a Brookhaven da Berkeley a Amurka, sai abin ya zama ambaliya. Kafin a shiga shekarun 1960 an ƙirga gommai, yawancinsu ba sa rayuwa ko da ƙiftawar ido. Dukansu suna jin ƙarfin nan mai tsanani da ke ɗaure cibiyar zarra, kuma a 1962 masanin Rasha Lev Okun ya raɗa musu suna ɗaya, hadiron. Tambayar da ta hana mutane barci ita ce: ta yaya tushen halitta zai yi wannan yawa haka?

Tun a 1956 Shoichi Sakata na Japan ya gwada cewa dukansu daga furoton da niyutiron da wata ƙwaya mai suna lamda aka haɗa su, amma lissafinsa bai ɗauki dangin furoton yadda ya kamata ba. Mafita ta soma bayyana a 1961, lokacin da mutum biyu da ba su yi shawara da juna ba suka faɗo kan tsari ɗaya. Ɗaya Murray Gell-Mann ne na Caltech. Ɗayan Yuval Ne'eman, hafsan soja a ofishin jakadancin Isra'ila a Landan, wanda yake karatu a hannun Abdus Salam. Sun lura cewa in aka jera hadiron bisa cajinsu da wata sifa da ake kira baƙunta, sai su rabu gida-gida, takwas-takwas ko goma-goma.

Gidan goma shi ne ya zama zakaran gwajin dafi. Siffar dala gare shi: ƙwayoyi huɗu a layin farko, uku a na biyu, biyu a na uku, ɗaya a ƙoli. A awon MeV, wanda furoton ke da nauyin 938, layin farko yana wajen 1,230, na biyu 1,385, na uku 1,530. Kowane mataki yana ƙaruwa da kimanin 150. Amma gurbin ƙoli fayau yake, ba a taɓa ganin mai shi ba. A wani taro da aka yi a cibiyar CERN ta Jeniba a 1962, Gell-Mann ya tashi ya faɗi sunan wanda ya ɓace, omega mai cajin ragi, ya faɗi baƙuntarsa, ya ce nauyinsa zai kai wajen 1,680. Tawagar Nicholas Samios a Brookhaven ta shiga nema da wani babban tanki na ruwan haidurojin, wanda duk ƙwayar da ta ratsa shi takan bar layin kumfa a bayanta, kyamara ta ɗauka. Sai da aka duba hotuna kimanin 100,000 kafin a farkon 1964 a ga wani ɗan gajeren layi na 'yan santimita kaɗan, wanda ya rabe daidai yadda aka faɗa. Nauyin omega a awon yau 1,672 ne.

Tsari ya tabbata, saura dalilinsa. A wannan shekarar ta 1964 Gell-Mann ya buga wata maƙala mai shafi biyu, George Zweig kuma, matashi da ke aiki a CERN, ya rubuta tasa daban. Maganarsu ɗaya ce: akwai ƙananan ƙwayoyi iri uku, waɗanda a yau ake kira kwak, masu haruffan u da d da s. Kwak uku su haɗu su ba da dangin furoton, kwak da kishiyarsa su ba da dangin fayon. Furoton u biyu ne da d ɗaya, niyutiron d biyu da u ɗaya, omega kuwa s uku. Sai dai kafin lissafin ya fita dole a yarda cewa cajin u kashi biyu cikin uku ne na cajin furoton, na d da s kuma ragin kashi ɗaya cikin uku. Babu wanda ya taɓa ganin gutsuren caji irin wannan. An neme shi a ruwan teku, da hasken samaniya, har da duwatsun da aka ɗebo daga wata, ba a samu ba. Zweig ya ɗauke su a matsayin abubuwa na zahiri, ya sha suka a kan haka. Gell-Mann ya fi taka-tsantsan, yakan bar ƙofa a buɗe cewa wataƙila dabarar lissafi ce kawai.

Duk da haka wasu suka riƙi abin da gaske. Richard Dalitz a Oxford da Giacomo Morpurgo a Italiya suka ɗauki furoton a matsayin kwak uku masu nauyi da ke zagaya juna a hankali. Wannan sauƙaƙan hoto ya ba da amsar da ta ba kowa mamaki: maganaɗisun furoton ya kamata ya zama ninki ɗaya da rabi na niyutiron, ta ɓangaren da ke kishiyantarsa. Awo ya ba da 1.46. Amma akwai ƙashi a cikin tuwon. Dokar Pauli ta hana ƙwayoyi iri ɗaya su zauna a hali ɗaya, ga shi kuma omega s uku ne masu juyi ɗaya, wato duka suna juyawa ta gefe ɗaya. Oscar Greenberg a 1964, sannan Moo-Young Han da Yoichiro Nambu a 1965, suka nuna hanyar fita: kowane kwak yana da wata ɓoyayyiyar sifa mai fuska uku, wadda daga baya aka kira launi, ko da yake ba ta da alaƙa da abin da ido ke gani.

Shaidar da ta juya zukata daga Kalifoniya ta fito. A cibiyar SLAC an gina mazurari miƙaƙƙe mai tsawon kilomita uku, yana ingiza ilektron har ƙarfinsa ya kai MeV 20,000. Daga 1967 Jerome Friedman da Henry Kendall da Richard Taylor suka riƙa harba shi cikin ruwan haidurojin, suna ƙirga ilektron nawa ke karkacewa, da kusurwar da suke bi. In da cajin furoton a baje yake ko'ina cikinsa, da kusan duk sun wuce da ɗan kaucewa kaɗan. Sai ga ɗimbinsu suna fanɗarewa gefe da ƙarfi, kamar mutum ya caka tsinke a buhun auduga ya ji ya daki tsakuwa. James Bjorken ya riga ya hango salon da alƙaluman za su bi, Richard Feynman kuma da ya ziyarci cibiyar a 1968 ya fassara shi da cewa ilektron yana karo ne da 'yan ɗigo-ɗigo da ke yawo a sake cikin furoton. Gwaje-gwaje da wata ƙwaya mai suna niyutirino a CERN suka biyo baya suka nuna cajin ɗigon ya dace da na kwak. Suka kuma tona wani sirri: kusan rabin ƙarfin tafiyar furoton yana hannun wani abu marar caji.

Nan aka shiga tsaka mai wuya. A ciki kwak suna walwala kamar ba abin da ya ɗaure su, amma ba su fitowa waje ko da an buge su da dukan ƙarfi. A 1973 David Gross da Frank Wilczek a Princeton, da David Politzer a Harvard, suka warware rabin ƙullin. Suka nuna da lissafi cewa a irin nazariyyar da Harald Fritzsch da Gell-Mann da Heinrich Leutwyler suka gina a kan launi, ƙarfin da ke tsakanin kwak raguwa yake in sun matso kusa, ya ƙaru in sun yi nisa. Masu ɗaukar wannan ƙarfi su ne guluwon, marasa cajin nan da ke riƙe da rabin da ya ɓace. In aka ja kwak da nufin fizge shi, makamashin da aka zuba sai ya rikiɗa ya haifi sabon kwak da kishiyarsa, a ƙare da hadiron biyu. Nazariyyar ita ce ake kira QCD. Ranar 11 ga Nuwamba 1974 tawagar Samuel Ting da ta Burton Richter suka sanar da gano wata ƙwaya mai nauyin 3,100, wadda ta tabbata kwak na huɗu ne da kishiyarsa. Daga nan masu shakka suka yi ƙaranci. Kwak na biyar ya bayyana a Fermilab a 1977, alamar guluwon a Hamburg a 1979, kwak na shida a 1995.

Samun nazariyya daban, iya warware ta daban. A faɗin furoton ƙarfin yana da tsananin da dabarun lissafi na yau da kullum ba sa aiki, shi ya sa masana ba su daina ƙera hotuna masu sauƙi ba. A 1974 wasu masana a MIT suka ɗauki hadiron a matsayin jaka da kwak ke kai-komo a ciki ba sa iya huda bangonta. Na Cornell suka rubuta ƙa'idar jan da ke tsakanin kwak masu nauyi. Nathan Isgur da Gabriel Karl suka gyara tsohon hoton kwak uku a 1978, ya fitar da nauyin dangin furoton da yawa. Kenneth Wilson kuwa tun 1974 ya ba da shawarar a yanyanka sarari da lokaci zuwa raga mai ƙananan gidaje don a yi lissafin kai tsaye. Sai da kwamfuta ta yi ƙarfi, a 2008, wata tawaga daga Budapest da Marseille da Wuppertal ta fitar da nauyin furoton da 'yan'uwansa ta wannan hanya, ya dace da awo. Darasin da ke ciki mai girma ne: nauyin kwak ukun kansu bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin furoton ba, sauran duk makamashin motsinsu ne da na guluwon.

Abin da ya fi burge ni a wannan tarihi shi ne yadda aka kai ga yaƙini ba tare da an riƙe kwak ɗaya a hannu ba. Mukan ce gani ya kori ji, amma a nan abin da ya kori shakka shi ne alkawarin da aka ɗauka a bainar jama'a, da adadi, kafin a yi awo, sannan awo ya zo ya cika shi. Kuma kowane hoto yana da iyakarsa, masu shi sun san haka. A ƙarshen shekarun 1980 wani gwaji a CERN ya nuna cewa juyin kwak kaso kaɗan ne na juyin furoton, abin da hoton kwak uku bai hango ba. A 2003 a Japan, da 2015 a CERN, an ga hadiron da ake fassarawa da masu kwak huɗu da biyar, kuma har yau ana muhawara kan yadda suke zaune a ciki. Dalilin da ya sa kwak ba ya fita shi kaɗai ma ba a tabbatar da shi da cikakkiyar hujjar lissafi ba, kuma tun 2000 Cibiyar Clay ta ajiye dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware wata matsala da ke da alaƙa da shi. Saboda waɗannan tambayoyi ne aka zaɓi Brookhaven a 2020 don gina sabon injin da zai riƙa haɗa ilektron da furoton karo, domin a auna yadda guluwon ke raba nauyi da juyi a cikinsa.