Toriyom: ƙarfen da ke cikin yashin kuzar Jos da jan tsinken masu walda

Toriyom ƙarfe ne mai fitar da tururin nukiliya, irin wanda ido ba ya gani, ɗan'uwan yuraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit ta Nijar. A jadawalin sinadarai lambarsa 90, alamarsa Th. Wani masani ɗan Suwidin, Berzelius, shi ya bayyana gano shi a 1829 daga wani dutse na ƙasar Norway, amma sai a 1898 aka gane yana fitar da tururi.

Sabon yankansa fari ne kamar azurfa. Idan ya sha iska sai ya dushe, ya koma toka-toka, har ya yi baƙi. Yana da taushi, yana buguwa, amma fa akwai nauyi: cikin gorar lita ɗaya ya kai kilo 11.7, ya ɗan ɗara dalma. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,750, garinsa kuwa kan kama da wuta da kansa a cikin iska. Tsatsarsa ta fi shi taurin kai, don sai an wuce digiri 3,000 take narkewa. Shi ya sa aka daɗe ana sa ta a ragar fitilar gas ta da.

Ba ya saurin ƙarewa. Sai an yi shekara wajen biliyan 14 kafin rabinsa ya rikiɗe. Tururin da shi kansa yake fitarwa ba ya ratsa fata, ko takarda ma ta tare shi, duk da cewa sinadaran da yake rikiɗewa zuwa gare su suna fitar da mai ratsawa. Babbar matsalar ita ce ƙura. In ta shiga huhu ko ta zauna a ƙashi, can za ta yi ta aiki shekara da shekaru, tana iya jawo ciwon daji.

A Najeriya an fi saninsa a Filato. Yashin da aka bari bayan wankin kuza a Jos da Bukuru yana ɗauke da ma'adinin monazayit, a cikinsa toriyom yake. Wasu kuma da wannan yashin suke gini, abin da a ganina arharsa ba ta kai haɗarinsa ba.

Mu a nan Legas, ta hannun masu walda ya fi kusa da mu. Tsinken waldar agon mai jan kai yana da tsatsar toriyom wajen kashi 2 cikin 100. 'Yan'uwa masu wannan sana'a a Oyingbo da Agege, da 'yan gwangwan masu tsintar guntayensa, riƙe shi ba wani abu ba ne; wasa bakinsa a inji shi ke ta da ƙurar. A sa takunkumi, a yi a fili, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke hannu kafin cin abinci. Akwai kuma mai kai ruwan toka, da shuɗi, da ruwan gwal, duk babu toriyom a cikinsu.