2.3 Gwanda Da Sinadarinta A Tarihin Magani

A wannan fasali za a duba yadda farin ruwan da ke fita daga ɗanyar gwanda ya shiga hannun likitoci, da abin da ya biyo baya.

Asalin gwanda daga kudancin Meziko ne da Amurka ta Tsakiya. Turawan Sifen da na Fotugal ne suka yaɗa ta zuwa Asiya da Afirka tun daga ƙarni na 16. Ko sunanta ya nuna baƙuwa ce a ƙasar Hausa, domin Dalziel ya rubuta ta a 1916 da sunan gwandar Masar, wato an bambanta ta da gwandar daji wadda Bahaushe ya riga ya sani.

Tun kafin masana su sa baki, mutanen ƙasashen da take fitowa kan naɗe nama mai tauri a ganyenta ya yi laushi. A 1879 Wurtz da Bouchut, 'yan Faransa, suka ware sinadarin da ke wannan aiki, suka kira shi fafayin. Aikinsa shi ne tsinka furotin gunduwa-gunduwa. Ya fi yawa a ɗanyar gwanda, idan ta nuna kuwa sai ya ragu ƙwarai.

A 1941 Jansen da Balls suka gano ɗan'uwansa, kaimofafayin. Wani likitan ƙashi Ba'amurke, Lyman Smith, ya yi tunanin cewa abin da ya narkar da nama zai iya narkar da faifan da ya gurɗe tsakanin ƙasusuwan baya ya danne jijiya. Ya bayyana sakamakon gwajinsa a kan mutane a 1964, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da allurar a 1982. Da yawa sun sami sauƙi ba tare da fiɗa ba. Amma jikin wasu ya ƙi sinadarin nan take, wasu ƙalilan ƙafafunsu suka shanye, wasu ma suka rasa rayukansu. A 2003 aka daina sayar da allurar a can.

A ganin mai wannan bincike, wannan tarihi ya shafi masu maganin gargajiya da ke ba da ɗanyar gwanda ba tare da awo ba, musamman ga mai juna biyu, domin gwaji a kan ɓeraye ya nuna farin ruwan yana sa mahaifa ta riƙa matsewa.