Daga Akwatin ZOY Zuwa Sifikar Tsakar Gida

Ranar 31 ga Yulin 1935 Gwamna Arnold Hodson ya buɗe tashar ZOY a Ankara, kamar yadda dattawanmu ke kiran Accra. Ta waya ake jan sautin zuwa akwatin da ke gidan mai biyan kuɗi, kuma abin da tasha ta ga dama shi za ka ji. Daga baya Hausa ta samu gurbi a shirye-shiryenta. Sashen Hausa na BBC kuwa ya fara ne a Maris ɗin 1957, watan da Ghana ta samu 'yancin kai.

Mahaifina ya tashi a Nima da rediyon Akasanoma, mai batir, wadda ake zagayewa a tsakar gida. Da kunnensa ya yi nauyi, ya daina jin shirina, sai na ce bari in saya masa sifika marar waya.

Ban bi ƙarar sauti ba. Gidan haya ne, bango ɗaya da maƙwabta, ga masallaci a gefe. Na nemi mai riƙe caji, domin wanda ya sha dumsor a 2015 ba ya sakewa da wutar lantarki, mai kama FM, mai fito da murya tas. Bluetooth ba ya wuce kamar mita 10, bulo kuma yana rage shi, don haka na rataye ta kusa da kujerarsa.

Baba ya jujjuya ta, ya ce, "To, ina eriyar?" Har yau da asuba tasha ɗaya yake kamawa.