Madarunfa: Gari a Bakin Tabki

Kudu da birnin Maradi, kafin a kai iyakar Najeriya, akwai tabkin da ba ya rabuwa da ruwa ko a tsakiyar rani. A bakinsa garin Madarunfa ya zauna. Ƙasar Katsina ce tun asali. Bayan masu jihadi sun ci birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi gudun hijira, daga baya suka kafa sarautarsu a Maradi. Shekaru da yawa wannan yanki yana tsakanin ɓangarorin Katsinawa biyu masu gaba da juna, har Turawa suka zo suka ja iyaka, Madarunfa ya faɗa hannun Faransa.

Wanda ya je neman doguwar ganuwa ko ƙasaitacciyar fada zai koma da ƙishi. Darajar garin tana cikin kaburburan da ke kewaye da tabkin, waɗanda mutanen wurin ke cewa na waliyyai 99 ne. Lokacin Mauludi jama'a kan taho daga Nijar da Najeriya don ziyara da addu'a. Akwai malaman da ba sa goyon bayan hakan, amma ziyarar ba ta yanke ba.

Ginin gargajiya a nan irin na ƙasar Hausa ne: a kwaɓa ƙasa da ciyawa, a yi tubali, a ɗora azara ta giginya, a yaɓe soro, a fitar da indararo. Zaure a gaba, rumbun gero a gefe. Irin wannan gini yana riƙe sanyi da bazara, sai dai yana son yaɓe kafin kowace damina, kuma kusa da ruwa danshi kan ci gindin bango. Shi ya sa duk wanda ya samu hali ya koma bulo da siminti da kwano. Ba na ganin laifinsa, ko da yake ɗakin kwano a watan Afrilu azaba ne.

A 2006 Nijar ta sa tabkin da dajin da ke kusa da shi da kaburburan cikin jerin wuraren da take nema wa shaidar UNESCO. A 2019 tabkin ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi. Takarda dai ba ta hana yashi cike tabki. Ya kamata hukumomin Maradi su fara da yashe shi, sannan su ɗauki bayanin kaburburan daga bakin dattawa tun suna raye.