Tarihin Rarrabe Cututtukan Mafitsara da Samo Maganinsu

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa ba a sami maganin ciwon mafitsara ba sai bayan da aka rarrabe shi da sauran cututtukan da suke kama da shi. Zafin fitsari, da yawan jin fitsari, da ciwon mara, da ganin jini a ƙarshen fitsari, alamomi ne da cututtuka huɗu suka yi tarayya a cikinsu: tsakuwar mafitsara, da tsargiya, da ciwon sanyi, da kuma harbin ƙwayoyin bakteriya. Shekaru aru-aru masu magani suna yawan rikita su da juna.

2.0 Zamanin Da

Takardar Ebers, wadda aka rubuta a Masar wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, ta ƙunshi magungunan larurar fitsari, amma alamomi kawai ta bi. Likitocin Musulmi sun yi nazarin tsakuwa sosai. Ar-Razi, wanda ya rasu wajen 925, ya wallafa risala a kan tsakuwar ƙoda da ta mafitsara. Az-Zahrawi na Kurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana a cikin At-Tasrif yadda ake zura siririn bututun azurfa don sakin fitsarin da ya toshe, da yadda ake wanke mafitsara da ruwan magani. Duk da haka, abin da yake haddasa kumburin ya ɓoye musu, domin ido ba ya ganinsa.

3.0 Zamanin Madubin Likita

A 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, yana binciken gawa a Alƙahira ya gano tsutsar da take kawo fitsarin jini, wato cutar da Bahaushe yake kira tsargiya. A 1910 Marc Armand Ruffer ya sami ƙwanta a cikin ƙodar gawawwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna. A 1915 kuma Robert Leiper ya tabbatar da cewa a jikin katantanwar ruwa take girma, sa'an nan ta huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa. A 1918 J. B. Christopherson ya yi nasarar warkar da ita a Khartoum da allurar sinadarin antimoni.

Sauran biyun ma a wannan zamani aka ware su. Albert Neisser ya gano ƙwayar ciwon sanyi a 1879, wadda ake ɗauka ta hanyar jima'i. A 1885 Theodor Escherich ya bayyana wata ƙwaya mai zama a hanjin ɗan Adam, wadda ake kira E. coli a yau. Daga baya aka fahimci cewa ita ce take jawo mafi yawan ciwon mafitsara. Daga dubura take tasowa ta hau ta hanyar fitsari, kuma da yake hanyar mace ba ta wuce kimanin santimita 4 ba, mata sun fi maza kamuwa nesa ba kusa ba.

4.0 Samuwar Magani

Da aka san mai laifi, sai magani ya biyo baya. Gerhard Domagk ya bayyana Prontosil, kakan magungunan salfa, a 1935. Nitrofurantoin ya fito a 1953, kuma har yanzu ana amfani da shi. A 1956 Edward Kass na Boston ya kafa ma'aunin ƙwaya 100,000 a cikin mililita ɗaya ta fitsari, don a bambanta cuta ta haƙiƙa da ƙazantar da ta shiga kwalbar gwaji. Tsargiya kuwa ta sami nata maganin, praziquantel, a shekarun 1970. Wajen rigakafi, wani gwaji da aka buga a 2018 ya nuna cewa matan da ciwon yake yawan dawo musu, waɗanda kuma ba sa shan ruwa sosai, sun rage dawowarsa da kusan rabi da suka ƙara shan lita ɗaya da rabi kullum.

5.0 Kammalawa

Abin da ya shafe mu a nan shi ne, a bakin jama'a kalmar "sanyi" ta sake haɗa abin da masana suka sha wahalar rabawa. Mace mai ciwon mafitsara takan ɓoye shi don gudun zargi, alhali kuwa ba daga kowa ta ɗauko shi ba, har ya hau ƙoda ko ya taɓa juna biyun da take ɗauke da shi. Yaro mai tsargiya a kan ɗura masa kafso, wanda ba ya kashe tsutsa. Shan kafso barkatai kuma shi yake koya wa ƙwayoyin cuta bijire wa magani. Saboda haka ya kamata malaman harshe da likitoci su haɗa kai su tsayar wa kowace cuta sunanta na Hausa, a kuma riƙa gwada fitsari a duk inda hali ya yi kafin a ba da magani.